Ɓarin Goron Yelwa

Duk wanda ya ci kasuwar Karaye kafin a gama dam ɗin Challawa ya san Shitu mai goro. Rumfarsa na nan daidai inda motocin Rogo ke tsayawa. Dogo ne siriri, haƙora jawur, ga faɗan tsiya. Ka taɓa masa goro ba ka saya ba, sai ya raka ka da harara har ka sha kwana. Amma fa a faɗi gaskiya, bai taɓa cusa wa mutum ruɓaɓɓe a ƙarƙashin mai kyau ba, shi ya sa duk masifarsa mutane ke komawa.

Asalinsa ɗan ƙauyen Turawa ne. Ubansa ya so ya gaje shi a gona, Shitu ya ce shi fartanya ba ta karɓe shi ba. Ya bi fatake zuwa Kurmi, ya yi dakon huhun goro har wuyansa ya kusa gajarta, ya koyi yayyafa ruwa da canja ganye, sannan ya dawo ya kafa tasa rumfar. Aka aura masa Yelwa, 'yar Tudun Kaya, gajeriya mai yawan dariya. Haihuwa kam sun yi, sai dai 'ya'yan suna zuwa suna komawa. Sauda kaɗai ta tsaya, ita ma da ta girma aka yi mata aure aka kai ta Rogo. Gidan ya rage daga shi sai Yelwa sai kaji.

Shitu bai iya daɗin baki ba, ko kaɗan. Abu guda ya iya. Kullum in ya dawo daga sallar asuba, sai ya zaɓi farin goro mafi kyau a cikin kayansa, ya ɓara, ya riƙe ɓari ɗaya, ya miƙa wa Yelwa ɗaya. Ba ya cewa komai, ita ma ba ta cewa komai, su zauna a bakin ɗaki suna tauna har rana ta leƙo. Iyakar soyayyar Shitu ke nan, kuma wallahi ta ishi Yelwa.

A tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Shagamu sarin goro, shekarar da aka yi canjin kuɗi, ya dawo da aku a keji, wai don ta sami abokin hira in ya tafi kasuwa. Yelwa ta sa masa suna Ɗan Kurmi. Ita ke ba shi gyaɗa da ɗanyar masara da gwanda, ita ke wanke masa keji, tana yi tana surutu. Kafin a ankara tsuntsun ya kwashe muryarta tas. "Sannu da zuwa, Malam." "Malam, ga ruwa." Har dariyarta, har yadda take tsawata wa kaji. Maƙwabta sukan yi sallama su ji an amsa, su shigo su tarar Yelwa ta tafi unguwa. Sau ɗaya Shitu ya gutsuri goro zai ba shi, ta ture masa hannu ta ce, "Haba Malam, tsuntsu ne fa, ba tsohon kasuwa ba." Ba wani ilimi ne da ita a kai ba, ranta ne kawai bai kwanta ba.

Da daminar shekarar da aka fara aikin dam zazzaɓi ya kama Yelwa. An yi jiƙo, an yi rubutu, an kai ta asibiti, ba ta dawo da ƙafarta ba. Allah sarki. Shitu ya zauna karɓar gaisuwa kamar kututture, ba hawaye, ba magana sai "Amin." Sauda ta ce, "Baba, ka biyo ni Rogo." Ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka. Ɗan Kurmi kuwa tun ranar da aka fita da ita bai ƙara cewa uffan ba. Ya takure a kusurwa, ya hura gashi, ya zuba wa ƙofar ɗakinta ido.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya Shitu ya dawo daga masallaci, ya ɗauko goro ya ɓara, ya miƙa hannu gefe yadda ya saba. Hannun ya tsaya a iska. Ya daɗe yana duban ɓarin nan. Ya ci, ba zai iya ba, ya yar, ba zai iya ba. Sai ya tashi ya tura shi cikin keji ya ce, "Ungo, rabonta ne."

Tsuntsun ya kama da ƙafa ya ɗanɗana, ya ƙara. Can sai ya miƙe, ya fara kai da kawowa a kan sandarsa, idanunsa sun buɗe. Ya karkata kai ya ce, "Sannu da zuwa, Malam."

 Shitu ya zauna daɓas a ƙasa, kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya zo masa gaba ɗaya.

To, daga nan fa aka shiga. Kullum da safe ɓarin Yelwa na Ɗan Kurmi ne, kuma kullum in ya ci sai bakinsa ya buɗe. Shitu ya ga abin na yi, ya ƙara da na yamma. Ya koma zuba masa ragowar shayi a murfin kwalba. A wurinsa karramawa ce, don shi bai san wata hanya ta girmama wanda kake so ba in ba ka ba shi goro ba. Ya fara tafiya da kejin kasuwa, ya rataye a rumfa, yana ciniki Yelwa na ce masa ga ruwa. Masu saye suna dariya, shi ko a jikinsa. Tsuntsun ya daina kula gyaɗa, ya rame, ya tsige gashin ƙirjinsa har fata ta fito, ƙafafunsa na rawa a kan sanda. Kowa na gani. Shitu ma yana gani, kunnensa ne ya fi ƙarfin idonsa.

Wata ranar kasuwa Iro malamin dabbobi ya tsaya da babur ɗinsa, zai wuce rugagen Kafin Dafga yi wa shanu allura. Suka gaisa, ya yi wa Shitu ya ƙarin haƙuri, sannan ya ɗaga kai ya dubi kejin. Fuskarsa ta canja.

"Baba, me kake ba tsuntsun nan?"

"Abin da nake ci."

"Goro?"

"Farin ma kuwa. Da shayi."

Iro ya sauko daga babur ya tsuguna. "Don Allah Baba ka daina. Abin da ke cikin goro da shayi mai wartsake mutum, kai jikinka zai ɗauka. Shi kuwa duka zuciyarsa nawa take? Surutun nan da kake ji ba lafiya ba ce, zuciyar ce ke gudu. Wata rana za ta gaji ta tsaya. Ba duk abincinmu ne nasu ba. Ko albasar miya, in kare ko kyanwa suka dinga ci, jininsu take ƙonawa."

Kai, ranar an ji faɗa! Shitu ya miƙe har hularsa na faɗuwa. "Goro ne guba? Goron da ake kai wa neman aure, ake rabawa ranar suna? Daga Kurmi goro ya fito, daga Kurmi tsuntsun ya fito, kai ne za ka raba su? Tafi wajen shanunka!" Iro bai ja ba. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya hau babur ya tafi.

Ba a yi nisa ba, wata la'asar Ɗan Kurmi yana tsakiyar dariyar Yelwa sai ya rikito daga sanda. Ya faɗi a gindin keji yana shure-shure, fukafukai a baje, ido ya juye. Shitu ya ɗauke shi a tafin hannu, ya ji ƙirjin na bugawa kamar zai fashe. Ya yi ta salati yana ɗiga masa ruwa a baki. Da kyar tsuntsun ya dawo. Shitu bai je ya ba Iro haƙuri ba, ba halinsa ba ne, amma daga ranar ya daina.

Tsuntsun ya murmure a hankali. Ya koma cin gyaɗa, gashin ƙirji ya fara tsirowa, rawar ƙafa ta tafi. Sai dai baki ya rufe ruf. Shitu ya lallaɓa, ya yi fito, ya kawo gwanda, har ya ƙanƙance murya yana kwaikwayon Yelwa ko tsuntsun zai ɗauka. Ina! Sai dai ya dube shi da ido ɗaya ya juya.

Rani ya shigo ya wuce a haka. Abin da ya fi ci wa Shitu rai shi ne ya fara mantawa. Fuskarta na nan, tafiyarta na nan, amma in ya rufe ido yana neman muryar sai ta zille masa. Mutane a lokacin har kaset suke aika wa 'yan uwansu na nesa, Yelwa kuwa ba ta taɓa magana a gaban rikoda ba. Da Sauda ta zo ganinsa ya ce, "Ce mini sannu da zuwa yadda uwarki ke faɗa." Ta faɗa. Ya girgiza kai ya ce ba haka ba ne. Sauda ta san ubanta sarai. Ta ga yadda yake duban kejin da goro a hannu, ta ce, "Baba, bar ni in tafi da shi Rogo, in ya ƙara ƙarfi in dawo maka da shi." Ya ce ko gashinsa ɗaya ba zai bar gidan ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, shekara ta zagayo. Da safe Shitu ya dawo daga masallaci ya ɓara goro. Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani, ya gani da idonsa, ya riƙe tsuntsun nan a hannu yana shure-shure. Ya tsaya a gaban keji yana cewa, "Kaɗan ne. Sau ɗaya kawai in ji ta, shi ke nan." Ya gutsura ya ba shi. Shiru. Ya ƙara. Shiru. Ya tura ɓarin gaba ɗaya.

Ɗan Kurmi ya cinye, ya fara kai da kawowa. Shitu ya riƙe numfashi, ya matso da kunne har yana taɓa kejin. Tsuntsun ya karkata kai ya buɗe baki, sai ga muryar wani tsoho, a dushe, tana rawa.

"Yelwa. Yelwa. Kina ina?"

Muryar Shitu ce. Duk zamansu bai taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, sai dai ya ce "ke." Bayan ta tafi ne ya koma zagaya tsakar gida yana kira, yana zaton ba mai jinsa. Ashe duk shirun nan tsuntsun sauraro yake yi.

"Ba wannan ba," in ji Shitu. "Don Allah ba wannan ba. Nata nake so."

"Yelwa. Kina ina?" Har da shessheƙar kukan, ba abin da ya bari.

Tsuntsun ya yi ta maimaitawa, muryar na ƙara sauri, har ya rikito. Wannan karon ruwa bai yi amfani ba. Kafin azahar ya sandare a hannun Shitu, Shitu ya haƙa rami a bayan rumbu ya binne shi.

Maƙwabta suka aika Rogo, don sun ga kwana da kwanaki rumfa a rufe. Sauda ta zo ta tarar da shi zaune a bakin ɗaki. Ta dubi kejin, ta ga ɓurɓushin goro a ciki, ta gane komai. Ba ta yi masa faɗa ba, tausayi ne ya hana ta. Ta durƙusa kusa da shi ta ce a hankali, "Baba, ka dai ji ta?"

Shitu ya dubi kejin. Sannan ya ce, "Ban ji ta ba, Sauda. Na kashe shi a banza."

Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure masa kayansa, bai hana ta ba.