Ƙwaryar Goggo a Ƙarƙashin Mota

'Yan'uwa, ku ji abin da ya same mu yau a hanyar Ƙaraye!

Naƙuda ta tsananta wa Yaya Hajara tun safe, sai Malam Sule, direban malaman gona, ya ɗauke mu, har da Goggo, daga Beli zuwa asibiti. Muna gangarawa rafi muka ji garam! Ƙasan motar ya daki dutse, muka tsaya.

"Innalillahi! Baƙin mai zai tsiyaye, inji ya ƙone!" in ji Goggo, wadda irin haka ta taɓa kwanar da ita a daji. Nan take ta zubar da furarta, ta tura ƙwaryar ƙarƙashin mota don ta tari man. Muka zuba ido. Ko ɗigo!

Malam Sule ya leƙa, ya yi dariya. "Goggo, wannan ba ta tara mai a ƙasa. Tankinsa daban yake, can sama. Famfo ɗaya yana kai shi inji, ɗaya yana zuƙo shi ya mayar."

"To, furata fa, ɗan nan?"

Yaya ta yi nishi. "Don Allah mu tafi!"

Muka isa asibiti, kafin azahar na ji kukan jaririya, siriri kamar sarewa. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Alhamdulillahi!