Ranar da Akwati Ya Riga Ni Jan Igiya

Shekara talatin ina korar jan-baki a gonar shinkafarmu da ke hanyar Bakura. Aikin da na iya ke nan: in hau rumfa, in riƙe igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, in fizga idan na hango tsuntsaye. Boko kuwa aji biyu na yi, malamin ma hamdala ya yi da na tafi.

Ɗiyata ta karanto kwamfuta. Da ta dawo ta ce gwiwoyina sun gaji, hanya kuma ba tabbas yanzu, in bar zuwa gona. Na ƙi. Sai ta kafa wani akwati mai ido a kan sanda, yana kallon sama, in ya ga tsuntsaye ya ja tasa igiyar da ɗan inji. Muka yi sharaɗi: ranar da ya riga ni, na zauna gida.

Makon farko na yi ta kunyata shi. Sai jan-baki sun sauka sun fara ci sannan yake farkawa. Har gaishe shi nake, in tambaye shi ya gajiya. Ta ce laifin yaren da ta rubuta masa umarni ne, wai Faiton. Yana da sauƙin rubutu ga mutum, amma sai tafinta ya tsaya yana fassara wa injin layi-layi a kan kowane hoto. Akwai wani, wai Si, mai wahalar rubutu, wanda ake juyawa gaba ɗaya tun farko zuwa abin da injin ke ji kai tsaye. Na ce ta bar mana tafintan nan, bawan Allah ne.

Kwana tara tana sake rubutawa da Si ɗin.

Ranar da ta mai da akwatin rana ce tsaka, ba iska, ko ganye ba ya motsi. Ina kan rumfa, igiya a hannuna, sai gwangwanayensa suka kaɗa. Na dubi sama, fayau, babu komai. Na buɗe baki zan yi dariya ke nan, sai ga su ta gabas kamar hayaƙi, har sun karkata sun bar gonar. Sau huɗu aka yi haka. Na yi a'uziyya. Na sauko a hankali na kifa masa hulata a ido. Ta gani, ta cire, ta kakkaɓe, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, ba aljani ba ne. Tafinta kawai na sallama."

Ban sake hawa rumfar ba. Shinkafar kuwa ta yi kyau, abin haushi.

Yanzu a zaure nake wuni a Mafara. Wani lokaci ina cikin hira sai hannuna na dama ya fizga shi kaɗai. Ran nan da ya yi, na ce ta duba wayarta, inda akwatin ke aiko da labari. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce yanzun nan ya ja igiya. Na tambaye ta, tsakanina da akwatin, wa ya riga wani.

"Shi, Baba. Da kaɗan."