Jan Farcen Madam a Kan Suwic ɗin Bitrus

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar abokina Bitrus, amma har yau idan hadari ya taso a Suleja sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai.

A ƙarshen shekarun casa'in ina da 'yar makarantar koyon kwamfuta a kan hanyar Kaduna. Na ce makaranta, amma mutum mai tumbi irina idan ya shiga sai ɗalibi ɗaya ya fita. Muna haya gida ɗaya da Madam Ngozi mai buga katin biki. Janaretan gidan nata ne, ni kuma nawa ne akwatin da ke haɗa kwamfutocinmu, wanda ake kira suwic. Matsalar ita ce duk abin da ɗalibaina suka tura bugawa, firintar Madam yake faɗawa. Rannan darasin koyon rubutu ya fito a kan katin auren wani ɗan kasuwar Izom. Madam ta rantse za ta tashi da janaretanta. In ta tashi kuwa, makarantata ta mutu.

Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna ne da ke aikin kwamfuta a Abuja, ya zo ya zauna gaban akwatin kamar likita. Ya ce zai raba shi gida biyu ba tare da ya ja sabuwar waya ba, wai VLAN sunan abin. Ya yi ta buga umarni, ya ba ɗalibaina rabin ramukan akwatin da ake soka wayoyi, ya ba Madam rabi. Aka gwada, ɗalibai suka nemi firinta sama ko ƙasa suka rasa. Wallahi na yi tsallen da kwanon rufi ya ji kaina.

Abin da bai sani ba, mu nan da an ji tsawa ake zare kowace waya, da safe a mayar duk ramin da hannu ya kai. Da can babu laifi, ramukan duk ɗaya ne. Ruwan farko da aka yi, wayar firintar Madam ta koma ramin ɗalibai, katin biki ya sake lalacewa. Bitrus ya iso ta riga ta kira mai kura ya kwashe mata kaya.

Bai yi mata dogon bayani ba. Ya ce, "Madam, ara mini jan farcenki." Ya ɗiga ja a kan ramukanta da bakin wayoyinta, ya ce ja ya bi ja. Ta duba, ta zare ɗaya ta mayar da hannunta, firinta ta amsa.

"Malam," ta ce da ni, "sallami mai kurar nan. Kai za ka biya shi."

Yau yaran da na koyar suna raba irin wannan akwati daga kan kujerarsu a Abuja, ba su ma ga ramin ba. Da Bitrus zai gan su, na san zai yi murna har ya rungume su, sannan ya tambaye su ko sun san wa ke zare waya idan an yi tsawa.

Madam ba ta bar gidan ba sai da ta aurar da autarta, kuma ɗalibaina ne suka buga katin. Akwatin ya daɗe da mutuwa, yana kan kantata. Jan bai goge ba.