Mutum Biyu a Shekara

Da asubar Litinin ɗin nan Cleophus Tarver yana tsaye a ƙofar gida yana goge baƙin takalminsa, wanda ba ya sawa sai ranar coci da ranar zuwa kotu. Ni kuma zan wuce injin katako, inda muka yi shekara goma sha ɗaya muna aiki tare.

"Wardell! Ƙarfe tara. In ka sake ɓuya a bayan matarka, har can zan biyo ka."

"Na ji, Kawu."

Kawu, kamar yadda muke kiransa, ba ya iya zama, ko abinci a tsaye yake ci. Da ya dawo daga yaƙin Jamus ya samu sunansa ya shiga rajistar masu zaɓe, cikin baƙaƙen fata biyar kacal a gundumarmu ta Alabama. Ƙa'idar ofishin rajistar, da ke ginin kotu, ita ce mai son rajista ya kawo wani mai rajista ya tsaya masa kafin a yi masa jarrabawa, kuma ba mai tsaya wa fiye da mutum biyu a shekara. Farar fata ba zai tsaya mana ba. Sauran huɗun tsoro ya zaunar da su. Sai Kawu. Sharaɗinsa ɗaya: wanda ya tsaya wa bana, baɗi shi ma ya tsaya wa biyu.

Purnell, dattijon cocinmu, in ya fara maganar 'yanci har mata kuka suke yi. Ya nemi Kawu ya fara tsaya masa. Kawu ya ce, "Ɗan'uwa Purnell, ranar da aka cinna wa gidan Odom wuta, bakinka muka ji, bokitinka ba mu gani ba."

Bara ni ya zaɓa, ban je ba. Ya jira a rana har aka rufe ofis, gurbin ya tafi a banza. Bai zage ni ba, wata uku dai bai kula ni ba.

Bana mai injin, Mista Hargett, wanda Kawu ya girme wa da shekara ashirin, ya kira shi. "Kai yaro, ko kotu ko injina." Kawu ya cire safar hannunsa ya ajiye masa a tebur. Gidan da yake ciki na kamfani ne, aka ce ya fita kafin yammar Litinin. 'Yarsa ta ce ya taho Chicago. Matar da ya tsaya wa a farkon shekara an kayar da ita a jarrabawar. Gurbin da ya rage ni ya sake ba. In ban je ba, ya tafi, ƙofar ta rufe mana ke nan.

Na ɗauki katako har takwas da rabi, ina tunanin 'ya'yana huɗu. Sai na yar da na kafaɗata na fita. Hargett yana kallo.

Na tarar da Kawu yana kai da kawo a matakalar kotu, akwatinsa a hannu.

"Haka ka zo, kamar an tono ka?" Ya kakkaɓe min ƙurar katako.

A ciki akawu ya ce wa Kawu, "Ka san yaron nan?"

"Na san Mista Wardell Sims shekara goma sha ɗaya." Ya sa hannu.

Takardata ta zo bayan sati uku, na ci. Aikin injin kuwa ya tafi tun ranar.

Da muka fito daga kotun a ranar, Kawu ya zauna a matakalar, abin da ban taɓa gani ba. Ya kwance baƙin takalmin, ya zura tsohon na aiki.

"Sun yi maka girma, ka cusa takarda. Baɗi mutum biyu."

Ya ɗora min su a hannu, ya ɗauki akwati, ya nufi tashar bas da sauri.