Saƙon Ƙanwar Iya Da Ya Zo Babu Murya

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, amma ban da yammacin da kwamfutata ta zama bebiya a gaban kakata. Na canja kwamfutoci tun daga lokacin, amma har yau in na ga ɗan hoton lasifikar nan da ke ƙasan allo sai gabana ya faɗi.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Tana zaune a ƙauyenmu can bayan Minjibir, kuma a lokacin idonta ya riga ya rufe, sai dai kunne kamar na zomo. Tana da ƙanwa guda ɗaya wadda mahaifinsu ya tafi da ita Makka ta ƙasa tun tana yarinya, tafiyar ta ƙare musu a Sudan, ba su dawo ba. Ita Iya an bar ta saboda an sa mata ranar aure. Abin da ke cin ta shi ne, da safiyar tafiyar, ƙanwar ta fasa mata sabuwar ƙwarya, Iya ta mare ta, ta kuma ƙi fita rakiya. Haka suka rabu babu sallama. Kullum in hira ta yi hira sai ta ce, "Ni dai da zan ji ta ce ta yafe mini."

Ina karatu a Kano sai wani Alhaji ɗan Gezawa mai fataucin turare ya nemo ni. Ashe ya haɗu da jikokin ƙanwar Iya a can Sudan, sun ɗauke ta bidiyo sun saka a filashi. Da zai miƙo mini ya ce, "Amana ce, yaro. Mai saƙo ita ke fara jin saƙonta." Mu kuwa a gidanmu haka aka tarbiyyantar da mu, ko ƙullin goro aka ba ka ka kai wa babba ba ka kwance shi a hanya. Na sa filashin a aljihun gaba, ban buɗe ba.

To, a satin nan ne kwamfutar tawa ta ishe ni da nauyi da bairos. Abokin ɗakina, gwanin cika baki, ya ce a sauke tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita gaba ɗaya a ɗora wata ta kyauta wadda bairos ba ya kamawa. Muka ɗora. Kai, ta yi sauri kamar sabuwa! Na buɗe takarduna, na duba hotuna, komai lafiya. Sauti ne kaɗai ba mu gwada ba, kuma a hayaniyar ɗakin 'yan makaranta wa zai lura da shiru?

Ranar Asabar na shiga motar Minjibir, damina ta zauna, gero ya kere mutum. Kafin la'asar labari ya gama gari. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, Gwaggo, 'yar Iya ta fari, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Iya ta sa aka ɗauko mata zanen da take fita da shi idi, har da shafa turare, wai baƙuwa za ta yi.

Na ɗora kwamfutar a kan turmi, na danna. Sai ga wata tsohuwa lulluɓe da mayafi, kamar an tsaga kara ita da Iya. Mata suka ɗauki salati. Bakinta na motsi, amma ko tari ba a ji.

"Ta fara?" in ji Iya.

Na ce, "Yanzun nan, Iya."

Na ƙure ƙara, shiru. Na duba ko an kashe sautin ne, a kunne yake. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Aka aro mini abin sawa a kunne, nan ma tsit. Na shiga wajen saiti, sai na tarar an rubuta wai ba ta ga na'urar sauti a jikinta ba sam. Nan na gane sabuwar manhajar ba ta san lasifikar ba, sai an sauko da wata 'yar manhaja da ake kira direba daga intanet. A ƙauyen da ko kiran waya sai ka hau tudun bayan masallaci! Wayata kuma 'yar rakani-kashi ce, ba ta buɗe bidiyo.

Gwaggo ta ce, "Kai da bokon naka, rediyon babanka ma ta fi wannan, ko mari ka yi mata sai ta yi magana." Aka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce a gaya mata abin da ake gani. Gwaggo ta ce tana da wushirya, ga hancin Iya sak, ga shi tana share hawaye da gefen mayafi. Iya ta lalubo hannuna ta ce in ɗora nata a kan fuskar. Ta daɗe tana shafa gilashin, har batir ya mutu allon ya yi baƙi. Sai ta ce, "Ba komai. In rabona ne zan ji."

Na yi mata alƙawarin dawowa da an gama jarrabawa. Ta ce, "Allah ya kai mu." Da na koma Kano gyaran bai kai shan shayi ba, abokin nan nawa ya sauko da direban, ƙara ta dawo. Duk da haka ban buɗe saƙon ba, ina ta riƙon amana.

Kafin a gama jarrabawar aka kira ni da hantsi. Iya ta kwanta zazzaɓi, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta ce in kunna, tunda mai saƙon ta tafi. A kan turmin nan dai na ɗora. Muryar ta fito tas, Hausa mai gauraye da Larabci. Ta kira Iya da wani suna na ƙuruciya da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu. Kafin ma ta gaishe ta sai ta ce, "Yaya, maganar ƙwaryar nan, wallahi na yafe tun ba mu fita gari ba. Ina ta waige ko zan gan ki." Gwaggo ta fashe da kuka, ni kuma na tashi na fita bayan gida cikin gero, na yi nawa.

Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo. Maganar da ta jira tun tana budurwa ta shigo har tsakar gidanta, ta taɓa ta da hannu, amma ba ta ji ba. Na koyi cewa in ka sake wa na'ura tsari, ka gwada komai nata kafin ka dogara da ita, ko da waƙar banza ce ka kunna. Na kuma koyi abin da ya fi wannan: saƙon tsoho ba a haɗa shi da sai an gama jarrabawa. Da na shiga motar Minjibir a ranar da ƙarar ta dawo, da Iya ta ji an yafe mata.