Jar dawar da Véronique ta fitar

Véronique 'yar manoman dutse ce daga wajen Mokolo. Shekara goma sha huɗu tana aiki a gonar gwaji ta wani kamfanin iri na ƙasar waje, a bayan Garuwa. Ita ta kawo musu jar dawar ƙauyensu, wadda ke nuna ko damina ta gaza. A ƙauyen kuwa irin ya riga ya ɓace.

Ran nan takarda ta zo daga hedkwata: za a mayar da aikin binciken zuwa Turai, a kwashe iri, a ƙone ragowar. Wanda aka kama da ƙwaya ɗaya, sai a miƙa shi ga jandarma su kulle shi.

Duk da haka ta ƙulle jar dawar kaɗan a bakin zanenta. A ƙofa Malam Ridwan mai gadi ya tsayar da ita, ya ƙura wa ƙullin ido.

"Madam, mene ne wannan?"

"Na uwata ne, Malam."

Ya kau da kai, ya bar ta ta wuce. Har ruwa ya sauka ta shuka, duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanta sai gabanta ya faɗi.