Tukirah Ta Ce Madafa Ta Cika

Yayar mijina, Tukirah, tana sayar da tempe, curin waken soya, a kasuwar ƙauyenmu da ke kudancin tsibirin Jawa, kuma kowa ya san ba a yi mata gaggawa. Da wani ciwo aka haife ta. In ta damƙi abu, yatsunta sandarewa suke yi, sai sun ga dama su saki. In ta tashi daga zaune, sai ta ɗan tattaka kafin ƙafa ta warware. Likita ya ce gado ne, abin da gidansu suka fi tsoron ji ke nan.

Tun tana yarinya, duk ranar Sallah da yara ke jeruwa suna kama hannun manya suna kaiwa goshi, ita madafa ake tura ta, kada baƙi su gani. A nan ta manyanta, ba miji.

Sai 'yata Ningrum ta zo da irin hannun.

Sallar bara, dangin saurayin da ke neman 'yar Sarmidi, babban wan mijina da Tukirah, za su zo gaisuwa. Sarmidi ya same mu a madafa ya ce, "A bar yarinyar nan a nan. In suka ji abin a jini yake, aure ya watse."

Raina ya ɓaci, amma gidansa ne. Tukirah na juya miyar kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, madafa ta cika. Ni kaɗai na ishe ta."

"Tukirah, ki rufa mana asiri."

"Wanda kuka rufa da ni bai ishe ku ba?"

Baƙi na zama, ta jawo Ningrum gaban layi. Yarinya ta kama hannun Alhaji Wiryo, uban saurayin, ta kai goshi, yatsu suka ƙi saki. Tana ja, idonta ya ciko.

Tukirah ta damƙi ɗaya hannun nasa.

"Alhaji, ga mu biyu. Jininmu ne. Ba ya kisa, jinkiri kawai yake sawa. Tunda ba inda za ka, dube mu da kyau. In fasawa za ku yi, ku fasa yau."

Tsohon ya yi ta zufa. Can ya sunkuya ya ce, "Jikata, yaya sunanki?"

"Ningrum."

Hannun yarinyar ya saki. Na Tukirah kuwa na san shi sarai, ya daɗe da warwarewa. Ita ce ta ƙi saki, sai da Sarmidi ya matsa ya ba 'yata wuri a kan tabarma.